Direban da Aka Rufe

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Ban faɗa ma kowa ba, ko Inna. Kwanan nan wani rubutu ke fitowa a wayata duk sanda na buɗe wasap. Da Turanci ne. Na bi shi kalma-kalma har na gane: daga ƙarshen wannan wata wasap zai daina aiki a wayar, wai ta tsufa. In ya fito sai in kawar da shi da sauri, kamar wani na leƙe ta bayana.

Wayar ta Yaya Mas'ud ce, ya bar mini ita da zai bi motar shanu zuwa Kudu. Gefenta ya tsage, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. A cikinta ajinmu yake. Malama Hanifa ta Maradun ce ta tara mu a guruf, mu 'yan matan da karatu ya tsaya mana bayan firamare. Nawa ya tsaya ne da muka taso daga Janbako muka dawo nan Mafara. Takan turo darasi, mu yi aiki mu mayar mata kafin Asabar ta wuce. Ko ki karanta amsarki da murya, ko ki rubuta da hannu ki ɗauki hoto. Ba ta karɓar wanda aka latsa a waya, ta ce yayye ke yi ma ƙanne. Wadda ta daina turo aiki sai a cire ta a sa wata, don masu jira suna da yawa.

Ni hoto nake turawa, kullum. Ba wadda ta taɓa jin muryata a ajin, ba wadda ta san ina i'ina. A can ni ce mai kyawun rubutu, shi ke nan.

In wayar ta tsaya, ajin ya tsaya.

Litinin, 7 ga Yuli

Sabuwar waya ba maganar da zan kai ma Baba ba ce a daminar nan. Ban ma fara ba.

Talata, 8 ga Yuli

Yaya Taiba ta zo daga Bakura. Ɗiyar Baffa Shehu ce, wan Baba. Gyaran waya take yi a cikin gida, mata ke kai mata don ba su son maza su riƙa kallon hotunansu a tasha. Duk ranar kasuwa takan shigo sayen kayan gyara ta biyo ta gaida Kaka.

Sun daɗe suna gaisuwa, ya ruwa, ya mutanen Bakura, ya mai jiki, ya hanya. Ni ina tsaye bakin ɗaki da wayar a hannu, na kasa. Sai da ta tashi tafiya ta ce, "Ke Bushira, tun ɗazu kina riƙe da abin ga kamar ɗan tsako. Kawo." Na miƙa. Ta karanta ta yi tsaki.

Ta ce wayar lafiyarta lau, kamfanin da ya yi ta ne ya daina aiko mata da sabuntawa, ya koma kan sababbi. Amma akwai wasu mutane a ƙasashe daban-daban da ke haɗa sabon tsari don tsofaffin wayoyi, kyauta. In ta yi mata filashin ta sa wannan, wasap zai ci gaba. Ta latsa tata wayar tana dubawa, can ta ce, "Taki na cikin jerinsu. Sai dai direban kamara. A rufe yake." Sai mai babur ɗinta ya yi oda a waje, ta ce sai wata Talata, ta fita.

Na so in tambaya. Kalmar ta tsaya mini a wuya.

Laraba, 9 ga Yuli

Na yini ina tunanin direban. Ban san waya na da direba ba. Na ɗauka wani mutum ne a can ƙasar da aka ƙera ta, shi ke tuƙo hotuna, ko shi ke kawo kayan kamara a mota. Me ya yi aka rufe shi?

Da muna tsince ƙasa daga gyaɗar labu, haɗin da Baba ke tsoma kilishi a ciki, na gaya ma Kaka. Ita kaɗai nake iya yi ma doguwar magana, don ba ta ƙarasa mini kalma, jira take. Ta ajiye faifai ta ce, "Innalillahi. Direba kuma? Hukuma ta rufe shi ko mutanen daji?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Bawan Allah, yana da ɗiya ƙila. Direbobi na ganin ta kansu zamanin ga."

Bayan la'asar na ji ta sa shi a addu'a, tsakanin Yaya Mas'ud da marigayi Malam mijinta. Ni ma na sa shi.

Jumma'a, 11 ga Yuli

Na tura aikin lissafi. Malama ta rubuta, "Madalla da Bushira." Na kalli hoton na daɗe.

Kaka ta ba da sadakar ƙosai saboda direban.

Talata, 15 ga Yuli

Yau na so ƙasa ta tsage.

Yaya Taiba na shigowa, ko zama ba ta yi ba, Kaka ta ce, "To, an sako shi?" Ta ce wa? Kaka ta ce, "Direban mana, wanda anka rufe." Yaya Taiba ta kalli Kaka, ta kalle ni, sai ta durƙushe a tsakar gida tana dariya har hawaye. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu tana tambaya mi ya faru.

Da ta samu numfashi ta zaunar da ni. Ba ta sake dariya ba, na gode mata da wannan. Ta ce direba ba mutum ba ne, ɗan rubutu ne a cikin waya. Kowane sashe na da nasa: gilashi, sifika, abin ɗaukar murya, sabis, kamara. Shi ke gaya ma waya yadda za ta tuƙa wannan sashen. Wasu a buɗe suke, an nuna ma kowa yadda aka rubuta su, don haka in tsari ya canza, duk mai ilimi zai iya gyara su su dace. Wasu kuma kamfani ya ƙulle, ya ba da su a dunƙule, ba mai ganin cikinsu. Suna aiki da tsohon tsari kaɗai. Ranar da kamfani ya juya baya, shi ke nan.

Kaka ta ce, "To ƙosaina fa?" Yaya Taiba ta ce lada na nan, Kaka. Kaka ta ce ai dole, ita ba ta san direban ƙarya ne ba.

Baba ya dawo daga mahauta ana cikin haka, aka maimaita mashi. Shi bai ga laifin kamfanin ba. Ya ce, "Ni ma ban ba kowa sirrin labuna. Sadi na kusa da rumfata ya daɗe yana shinshina. In na hwaɗa mashi, mi zan ci?" Yaya Taiba ta ce, "Baffa, wanda ya sayi kilishinka ya cinye ya sha ruwa. In ka bar sana'a ba ka bi shi gida ka ɗaure mashi baki. Wagga waya an saye ta, tana hannunmu, lafiyarta lau." Baba ya wanke hannu, sannan ya ce, "To in sun gama cin kasuwarta ai sai su buɗe." Ta ce abin da ake ta roƙonsu ke nan.

Sai ta juyo kaina. Ta ce in ta yi filashin komai na ciki zai goge, kuma wani lokaci waya kan mutu a hannu, ba ta yi mini alkawari ba. In an dace, komai zai yi aiki ban da kamara. In an bar ta yadda take, kamara na nan, wasap ya tafi ƙarshen wata.

Ban da kamara. Ita ba ta san me wannan yake nufi a wurina ba.

Na gyaɗa kai. Ta kwashe darussana ta zuba a memori, ta tafi da wayar Bakura.

Alhamis, 17 ga Yuli

Hannuna sai kai kansa yake ƙarƙashin matashi, ba komai a wurin.

Jumma'a, 18 ga Yuli

Na rubuta aikin wannan sati tun kafin a tafi da wayar, Yaya Taiba ta ɗauka da tata ta tura ma Malama da bayani. Ba ni na roƙe ta ba, ita ta tuna. Allah ya saka mata.

An yi ruwa sosai, kilishin Baba bai bushe ba, yana ta faɗa da hadari.

Talata, 22 ga Yuli

Ta dawo! Wayar ta tashi. Alhamdu lillahi.

Fuskarta ta canza, kamar wadda aka yi ma wanka. Ta fi da sauri ma. Na buɗe wasap, rubutun nan bai fito ba. Na rufe na sake buɗewa don in tabbata. Ajinmu na nan, ana ta gardama a kan jam'in wata kalmar Turanci.

Yaya Taiba ta ce ta sha wahala, sau ɗaya wayar ta yi baƙi ƙirin ta ƙi motsi, har ta fara tunanin abin da za ta ce mini. Sai ta samu bayanin wani mutum da ya taɓa faɗawa ramin, ya rubuta yadda ya fita don na baya. Ta nuna mini shafin da masu aikin ke magana. Ba hotunansu, sunayen ma na laƙabi ne. Wani a cikinsu shekara da shekaru yana kula da irin wayata, ba mai biyansa. Ta karanta mini abin da ya rubuta game da kamara, ta fassara: ya gwada iyakar ƙoƙarinsa, bai iya ganin cikin direban ba, yana ba da haƙuri.

Yana ba ni haƙuri. Bai san ni ba, bai san akwai wani gari Mafara ba.

Kaka ta ce, "To wanga dai mutum ne ko?" Aka ce mutum ne. Ta ce a gaya mata sunansa. Yaya Taiba ta karanto wani abu mai lambobi a ƙarshe. Kaka ta ce, "Allah ya san abinsa," ta ɗauki carbi.

Na danna kamara duk da haka. Baƙi, sai ta rufe kanta.

Yaya Taiba ta ce kada in damu, duk Talata za ta ɗaukar mini aikin da wayarta, ko in shiga gidan Larai maƙwabciyarmu in ara. Na ce to.

Laraba, 23 ga Yuli

Ina ta tunanin mutumin. Da ya ɓoye abin da ya sani, da wayata na cikin kwandon Yaya Taiba tare da matattun wayoyi. Da ya jira sai aikinsa ya cika ba aibi kafin ya fitar, da har yau bai fitar ba, tunda kamara ta gagare shi. Ya ba da shi haka nan da gurgunta, ya faɗi inda gurguntar take.

Ban san me ya sa wannan ya tsaya mini a rai ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

Aikin wannan sati: rubuta jimloli a kan sana'ar gidanku. Na rubuta a kan kilishi, yadda ake yanka nama falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a gasa. Ban sa sirrin Baba ba, ban ma san shi ba. Rubutun ya yi kyau. Har layi na ja a ƙarƙashin kan magana.

Inna ta ce Larai na gida, in je kafin ta fita unguwa. Na ce sai gobe.

Jumma'a, 25 ga Yuli

Na gwada abin ɗaukar murya, don kawai in ga ko yana aiki. Yana aiki. Na saurari kaina. A kan "kilishi" na maƙale, ki-ki-ki, kamar yadda yaran ajinmu na Janbako ke kwaikwayona a hanyar rafi. Na goge.

Asabar, 26 ga Yuli

Da hantsi na sa hijabi zan shiga gidan Larai. Na kai zaure na tsaya. Sai na zagaya bayan ɗaki wurin awaki, inda ba kowa.

Na danna abin ɗaukar murya na karanta aikin, na goge. Na sake, na goge. A na ƙarshe na maƙale wuri biyu, kuma akuya ta yi kuka a tsakiya. Yatsana na kan gogewa, sai na tura. Na kife wayar a kan turmi na je na yi wanke-wanken da ba nawa ba.

Da na dawo Zahra'u ta Morai, 'yar ajinmu, ta sa fuskar dariya, ta ce a gaida akuya. Wata ta tambaya ko sabis ne ke yanke maganata. Malama ta turo murya. Ta ce, "Bushira, sannu da zuwa. Jimla ta uku ki sake duba aikatau ɗinki." Ba ta ce komai a kan sauran ba. Na duba, gaskiyarta, na yi kuskure.

Ba wani abu ba ne. Na dai gyara jimlar a takardata.

Yaya Taiba ta kira da yamma, ta ce in shirya takarduna ranar Talata ta ɗauka mini. Na ce ta bar shi, kada ta wahalar da kanta. Ta ce in sake faɗa, ba ta ji ba. Na sake faɗa.