Ina Ji Aka Ce Na Cika

Malam Mailafiya, don Allah ka taimake ni, dabara ta ƙare mini. Ni mai wankin hula ne a Gwale. Bara aka yi mini aikin ƙaba a wani ƙaramin asibitin kuɗi, suka sa ni barci gaba ɗaya. Da na farka ina jin komai, har ƙarar fanka, amma ko ɗan yatsa na kasa ɗagawa, numfashi kuwa kamar an ɗora mini buhun gero. Yayata Asibi da ke jinyata ta girgiza ni, shiru. Sai ta yi salati, ta shafe mini ido, ta buga waya gida ta ce na cika. Ina ji, Malam. Kukanta ne ya jawo nas, aka sa mini robar iskar numfashi, aka yi mini wata allura. Ka san mutanenmu ba sa jinkiri da gawa. Kafin a gyara labari an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an aika maƙabartar Goron Dutse a fara haƙa.

Yanzu ƙabar ta fito a ɗaya gefen, hanji yana maƙalewa a ciki, likita ya ce aiki dole ne. Ranar da aka ba ni na kai bakin asibiti na juyo. Yaya ta ce iska ce ta danne ni a wancan aikin, ni kuwa ko ido ba na son mu haɗa. Gara ciwon ya ƙarasa ni a ɗakina da a binne ni ina ji.

Mai baƙin ciki, Gwale.

Ɗan'uwa, tsoronka yana da dalili, kuma ba iska ba ce. A irin wannan aikin, bayan maganin barci akwai wanda ke sakar da jiki. In an gama sai a yi allurar warware shi, a tsare mutum har ya ɗaga kai, ya matse hannu, numfashi ya daidaita. Da alama kai barcin ne ya sake ka tun jikin bai warware ba, aka kuma yi gaggawar fito da kai. Sakacinsu ne. Yayarka ba ta da laifi, da ba ta yi kukan ba da wata maganar ake yi. Je ka gaishe ta.

Sai dai guduwar nan ganganci ce. Tafi babban asibiti, ka nemi likitan da ke sa barci tun kafin ranar aiki, ka ba shi labarin nan kaf. Suna da na'urar da ke gwada dawowar ƙarfin jiki a hannu. Tambaye shi ma ko za a iya kashe zafin wurin kawai da allura, kana farke.

Kada ka bari a kai wani makon ba ka je ba. Tsoro zai bar ka ka kwana, hanjin da ya shaƙe ba ya jiran mutum ya shirya. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a yi a sa'a.

Mailafiya