Warƙoƙin da Ka Zare daga Littafin Baba

Zuwa ga ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Legas? Mu nan lafiya lau, an gama yankan shinkafa a Zauro.

Amma ka kunyata ni. Ranar Juma'a malaman Argungu suka zo Birnin Kebbi sauraron littafin da marigayi Baba ya rubuta da hannunsa, na shekarar da ɗan sarkin Farisa ya kashe ubansa, ya yi sulhu da Rumawa, shi ma annoba ta ɗauke shi. Na buɗe gafaka ina karatu gaban dattawa. Daidai inda ɗan ya sa aka ɗaure uban, sai na tarar babu warƙa bakwai. Inna ta ce kai ka zare su, wai za ka kai a buga da tafireta. Wa ka tambaya? Rubutun Baba ne bai yi maka ba?

Dattawa suka ce in ƙarasa da baki. Na ƙi, don in na fara zancen ɗan da ya ci amanar ubansa, sunanka zai fito.

Ka aiko da warƙoƙin kafin azumi. Ka gaida matarka. Ka yi wa Baba addu'a, in bakinka zai iya.

Yayanka,
Umaru