Hannuna da Notin Madubi

Litinin, 6 ga Mayu
Sigina ta sake lalacewa. Hasken leza ke ɗauko bayanai daga wannan bango zuwa wancan, taku goma sha biyu kacal, amma a dagule suke isa. Oga ya ce ran Juma'a masu dubawa za su zo. In kurakurai ba su ragu ba, za a rufe ɗakin gwajin. Shekara sha tara ina nan. Ina zan nufa?

Talata, 7 ga Mayu
Na goge gilasai, na kashe fanka, na ja labule. A banza. Na ce wa Oga ƙura ce.

Laraba, 8 ga Mayu
Ba ƙura ba ce. Hannuna ne.

Saitin madubin da ke juya hasken ba ya son ko numfashi. Ka murɗa noti kamar ba ka murɗa ba, har ɗigon hasken ya zauna a tsakiyar idon na'urar karɓa. Ni ake kira Sarkin Saiti fa. Yau wata huɗu ke nan yatsuna na rawa, da na taɓa notin sai ɗigon ya zille. Da safe shayi ya zubar mini a riga. Maman yara ta ce, "Malam, kofi ma ya fi ƙarfinka? Mu je asibiti." Na ce sanyi ne. Ina zufa.

Wallahi tsoro nake ji.

Alhamis, 9 ga Mayu
Dakta, sabuwar abokiyar aikinmu, ta daɗe tana kallon yatsuna. Ta ce, "Baba, a ba ni in gwada mana." Na daka mata tsawa, na ce tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba nake wannan aiki. Ta koma gefe. Na yi ta murɗawa har la'asar, allon kwamfuta sai ƙara dagulewa yake. Rana ba ta ƙarya. Ya Allah.

Juma'a, 10 ga Mayu
Saura rabin awa masu dubawa su iso na sa hannu a aljihu. Na ce, "Dakta, zo nan." Ita da noti, ni da ido. "Hagu kaɗan. Ƙara. Tsaya!" Ɗigon ya zauna daram, allo ya washe tas. Ba za a rufe ɗakin ba.

Ba ta tambaye ni komai ba. Hannuna bai fito ba har baƙin suka tafi.

Litinin za mu asibiti. Maman yara ce ke son zuwa, ni rakiya kawai zan yi mata.