Hoton Inna Bisa Jar Tabarma

Zuwa ga ƙanwata Habsa, a Madawa.

Bayan gaisuwa, ina Inna, ina yara? Ni lafiya lau nan Abijan. Ɗakinmu na ɗan yoyo, amma mun saba.

Tabarmin da kike saƙa na sa hotunansu a Fesbuk, mata huɗu na so. Ki riƙa shimfiɗa su kafin ki ɗauka, a naɗe launi bai fita.

Wanda kinka zaunar da Inna bisa jar tabarma ya fi jawo masu saye, amma na cire shi. Da na buɗa shi, na ga awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Kullum a waya kuna ce mini ta warke.

Ki kai ta likita, ki kira ni daga can. Allah shi ba ta lafiya.

Yayanki, Surajo