Karan Da Na Ɓoye A Cikin Safar Dambe

Assalamu alaikum Edita da masu karatun wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya tsine mini ya bari ya kai ƙarshe, don ni ma ban bar kaina da sauƙi ba.

Ni ɗan mahauta ne daga Gawon Nama a birnin Sakkwato. Dambe gadonmu ne, mahaifina ya yi, kakana ya yi. Da kuɗin man nan suka faso, gwamnatin soja ta shiga zuba su a wasanni, sai aka zo aka kwashi irinmu aka ce mu bar damben kara mu koyi na zamani, na safar hannu da ƙararrawa. Na koya, na kuma yi suna, har aka haɗa mini wasa da wani ɗan dambe daga Ikko. Zan kira shi Tunde, ba sunansa ba ne.

Ranar awon nauyi, a wani ofis a Sama Road, mahaifina ya rako ni da babbar rigarsa. Ban gama sauka daga sikeli ba Tunde ya sa yatsa ya tuɓe mini hula ta faɗi ƙasa, ya dubi 'yan jarida yana dariya, ya ce da guntuwar Hausarsa wai zai yanka ni kamar ragon da tsohon nan yake yankawa, a gaya wa tsoho ya zo da kwano ya kwashi nama. Jama'a, a gaban ubana! Mu ma muna kirari, amma kirari kanka kake yabo, ka ce kai ne dutse, kai ne ajali. Yaushe aka taɓa sa uban wani a ciki? Mahaifina kunnensa ya yi nauyi, ya juyo ya ce, "Mi yac ce?" Na ce ba komai. Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa, duk wanda na gamu da shi sai ya ce idan na bar wannan ya koma Ikko da ƙafarsa to ban cika ɗa ba. Su ne yau suke barci lafiya.

Ga abin da na yi. Ranar wasa, kafin a naɗa mini bandeji, na ɗaure hannun damana da kara irin na damben gargajiya, igiya mai ƙulli-ƙulli a kan gaɓoɓin yatsu, na rufe da bandeji, na zura safa. Wanda aka sa ya duba hannu ɗan unguwarmu ne, shi ma ya ji zagin. Ya matsa hannun, ya dube ni, ya kau da kai. A turmi na uku na samu idon Tunde na hagu, na sake samu, na ji abu ya fashe a ƙarƙashin hannuna. Ya faɗi, fili ya ɗauka da ihu, aka ɗaga ni sama. Wallahi a lokacin daɗi na ji, ba zan yi ƙarya ba.

Idon bai tashi ba. Dambe ya ƙare masa. Ni kuwa ina jiran ya kai ƙara ko ya turo sojoji, sai ga shi da tsakar rana a ƙofar gidanmu, ido a liƙe da auduga. Yana ganin mahaifina ya kwanta rub da ciki a ƙasa, irin gaisuwarsu ga manya. Ya ce a yi masa afuwa, a wurinsu wannan surutun talla ne kawai, ɗan damben da bai yi baki ba ba mai sayen tikitinsa, ana gamawa a rungumi juna a je a ci abinci tare. Ya ce sai a asibiti wata ma'aikaciya ta gaya masa nauyin abin da ya faɗa a nan. To me ya sa babu wanda ya gaya mini haka tun farko? Masu shirya wasan sun san al'adar can, sun san ta nan, suka yi shiru don fili ya cika. Shi ma ina jin haushinsa har yanzu, wa ya aike shi ya shigo garin mutane bai tambayi abin da ake gudu ba? Amma hula ana ɗauka a kakkaɓe, ido fa?

Bai koma Ikko ba. Ya samu aiki da kamfanin da ke shimfiɗa hanya wajen Dundaye, kullum da yamma yana wurin atisayenmu. Mahaifina ya riƙe shi kamar ɗa, ba ya barinsa ya sayi nama. Duk inda ya zauna sai ya nuna idonsa ya ce bai taɓa cin naushi mai tsabta irin nawa ba, hannun nan daga Allah ne. Tsoho kuwa sai ya gyara zama ya ce, "Gidanga ba mu san cuta ba, da hannu muka kashe mutum, da hannu muka tashe shi." Ni kuma ina zaune ina murmushi kamar mutumin kirki.

Yanzu ya rubuta wa mutanensa na Ikko, sun ba ni wasan neman kambun ƙasa, wanda da can shi ne zai yi. Ya ce shi zai tsaya mini a kusurwa, shi zai naɗa mini bandeji da kansa. Jiya ya kama hannuna ya ce, "Tunda wannan ya ci idona, dole ya ciwo mini kambu, kada idon ya tafi a banza."

Idan na faɗa masa, na sake raba shi da abu ɗaya da ya rage yana alfahari da shi, wato cewa gwani ne ya kayar da shi. Hukuma za ta kore ni, ɗan unguwarmu da ya duba hannun ya shiga hannun soja, mahaifina kuwa ban san ko zai ƙara ɗaga kai a kasuwa ba. Idan na yi shiru, zan miƙa wa mutumin da na makantar hannuna ya naɗa yana yi mini addu'a. Na kasa cin abinci a kwano ɗaya da shi, har ya fara tambaya ko ya sake yi mini laifi ne.

Jama'a, ku da kuka san Allah, me zan yi?