Kitse Ne, Ba Guba Ba

Hajjo,

Na wuce Maraɗi da lodi, ban iya jira ki dawo daga Daddara ba.

Baƙar kazar ma ta mutu da hantsi, ta uku ke nan. Ban kai ga yanka ta ba, mushe ce. Kafin in binne ta na kai wa malamin dabbobi a Magama, ya buɗe cikinta a gabana. Hantar ta kumbura, ta yi ruwan ɗorawa, ana taɓawa tana dagargajewa. Ya ce kitse ne ya fasa ta, babu guba.

Shinkafar da nake sharo miki daga bayan mota ce. Kina dafa musu da mai safe da yamma, ga su kulle a akurki ba motsi.

Don haka maganar kai maƙwabciyarmu Zalika gaban alƙali gobe ta tashi. Ki saki sauran su yi kiwo. Sannan ki shiga ki ba ta haƙuri, a gaban matan da suka ji kin kira ta mai guba. Ba ita ta kashe su ba, ni da ke ne.

Dalhatu