Bangon motar Yaya da ruwan alwala

Daren Laraba, 14 ga Mayu, Guangzhou

Kaina ciwo yake. Gobe za a rufe kwantenar da za ta kai kayanmu gida, ni kuwa har yanzu ban zaɓi abin da za a yi bangon motar Yaya Sani da shi ba, wadda zai mayar ɗakin kwana don tafiyar Agadas.

Shi dai katakon filawud yake so, ba fanel ba. A waya har da tsawa: "Kai Habu, kowane kafinta a Maraɗi ya san katako. Wannan fanel na roba mai soso a ciki, wa zai kafa masa ƙusa?" Gaskiyarsa. Na ɗaura sukuru a jikin samfurin fanel ɗin, ina ja ya fito.

Amma na san Yaya. In rana ta take, a cikin mota zai yi alwala, dab da bango. Shi ya sa tun shekaranjiya nake alwalata a kan samfuran biyu da mai shago ya ba ni. Fanel ko a jikinsa. Filawud kuwa bakinsa ya kumbura, yana ɓarewa kamar albasa.

Na ɗauki hotonsu na tura masa. Ya gani, bai ce uffan ba. Faɗan Yaya na saba da shi, shirunsa ne yake hana ni barci.